Mutumin da Ya Sa Zinare a Motar Asibiti

Shagon yana hawa na biyu, a saman wani kantin fenti. Sai mutum ya hau matakala mai lanƙwasa biyu, ya wuce ɗakin mai gyaran agogo, sannan ya iske ƙofar. A ciki tebur biyu ne, kwamfuta ɗaya, injin buga takarda da ke tauna takarda in ya yi zafi, sai benci da ke ɗaukar mutum huɗu in babu mai ƙiba a cikinsu. Mai shagon Jan Biro ake kiransa, don ba a taɓa ganin aljihun rigarsa babu jan biro ba. Shekararsa hamsin da ɗaya. Sana'arsa gyara jimla.

Na san shi tun muna aiki a gidan jarida ɗaya. Shekara goma sha huɗu ya yi yana rubuta kanun labarai, bai taɓa fita neman labari ko sau ɗaya ba. Mu za mu yini a rana mu dawo da rahoto, shi yana zaune ƙarƙashin fanka, ya leƙa layin farko, ya ɗora wa labarin kai. Akwai ranar da bututun ruwa ya fashe a bakin kasuwa, shaguna biyu suka jiƙe. Washegari jarida ta fito da cewa ambaliya ta cinye kasuwa. Ni na rubuta rahoton, ni 'yan kasuwa suka tare a hanya. Da aka zo rage ma'aikata yana cikin waɗanda aka fara sallama. Shi dai har yau cewa yake yi ajiye aiki ya yi, don jarida ta yi masa kaɗan.

Bayan wata shida ya buɗe shagon. Wanda bai san harkar fim ba zai yi mamakin yadda mutum zai ci abinci da jimla. Ga yadda abin yake. Mai shirya fim ba ya karanta labari mai shafi ɗari daga hannun wanda bai sani ba. Sai ya ce a kawo masa labarin a jimla ɗaya, kalma talatin zuwa arba'in. Jimlar ta faɗi wane ne, me yake nema, me ya tare masa hanya, me zai rasa in ya kasa. In ta kama shi, ya nemi sauran. In ba ta kama shi ba shi ke nan, ko da shekara biyar aka yi ana rubutun. Sababbin marubuta kuwa sun iya cika littattafai, amma a ce su matse labarin a jimla ɗaya sai gumi ya karyo musu. Su ne ke cika bencin Jan Biro.

In za a faɗi gaskiya, ya iya gano ciwo. Wata safiya ina zaune a kan bencin, sai wani ma'aikacin banki ya miƙa takardarsa. Jan Biro ya karanta da ƙarfi, don haka yake yi wa kowa, a gaban kowa.

"'Labari ne mai taɓa zuciya na soyayya, yaudara da nadama, wanda zai bar darasi ga al'umma.' To madalla. Wa ke soyayyar?"

"Jarumin ne, Malam."

"Jarumin ɗan wa? Mahauci ne ko alƙali? Kalma goma sha shida ka jera, babu mutum ko ɗaya a ciki. Ko akuya ka sa ai da na san da wa nake magana."

"Ban so in tona ƙarshen ba ne."

"Ka nemo farkon tukuna. Kuma wannan 'mai taɓa zuciya', wa ya gaya maka? Mahaifiyarka? Ni zan faɗi ko ya taɓa ni, ba kai ba. Darasi kuwa ka kai makaranta, suna nema."

Na kan benci suka yi dariya, kowa da tasa takardar a hannu tana jiran yanka. Ma'aikacin bankin ya yi murmushin dole. Duk abin da aka gaya masa daidai ne.

Matsalar tana wajen magani. Kowane ciwo aka kawo, magani uku gare shi: wa'adi, ɓoyayyar dukiya, da wanda za a kashe. Wa'adin kuma kullum kwana uku ne. Ya ce kwana biyu ya yi kaɗan, mako guda kuma mai kallo zai tafi fitsari. Labarin ma'aikacin bankin na wani mutum ne da budurwarsa ta auri abokinsa. Ya sauka matakala da jimlar da jarumi ke da kwana uku kacal ya gano takardar gado kafin abokin ya kashe shi. Yana tafe yana karantawa yana gyaɗa kai, kamar wanda ake ba labarin wani.

Labarin kansa Jan Biro ba ya karantawa. Wannan ba zargi ba ne, shi ke faɗa da bakinsa, har da ɗaga kafaɗa.

"In na karanta zan fara tausayinsu," ya ce mini. "Kowannensu gani yake rayuwarsa fim ce. Wannan matarsa ta tafi, fim. Wancan an kore shi daga aiki, fim. Su zo su cika mini benci suna kallona kamar ni na ce su yi rubutu."

Na tambaye shi nasa fim ɗin. Ya ce yana nan a kansa shekara goma sha ɗaya, jimlar ce bai gama gogewa ba.

Mai buga takardun matarsa ce. Ita ke tebur na biyu daga safe zuwa ƙarfe biyu, lokacin da take tafiya ɗauko yara daga makaranta. Ba ta cika magana ba. In wulaƙancin ya yi yawa sai ta ce, "Baban yara, mutum ne fa," ba tare da ta ɗaga kai daga kwamfuta ba.

A shekarar da nake ba da labari, wata ƙungiyar masu shirya fim ta samu tallafi ta buɗe gasa. Sharuɗɗan shafi ɗaya ne. Kowa jimla ɗaya zai aiko, kada ta wuce kalma arba'in. Za a zaɓi goma, a nemi cikakkun labaransu, alƙalai su karanta daga farko har ƙarshe, sannan kowane marubuci ya zauna da darakta. Sharaɗi na huɗu ya ce dole jimlar ta zama ta marubucin, kuma ta dace da abin da ke cikin labarinsa. Jan Biro ya liƙa takardar a bango, ya ja layi biyu a ƙarƙashin ranar rufewa. Sharaɗi na huɗu bai ja masa komai ba.

Saura kwana biyar a rufe, yayan matarsa ya hau matakalar yana lalubar bango. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar asibiti, har ciwon ido ya sauke shi. A unguwa har yanzu Direba ake ce masa. Tun da ya bar aiki yake rubutu a littattafan 'yan makaranta, ya cika bakwai cikin shekara huɗu. Wanda ya buɗe su zai ga tafiyar ciwon: a na farko rubutun ƙanana ne zaune a kan layi, a na bakwai kowane harafi ya ci layi biyu. Likita ya gaya masa ba zai kai baɗi yana karatu ba. Bai ce yana son a yi fim ɗin ba, bai ce yana son kyauta ba. Abin da ya gaya wa ƙanwarsa shi ne yana son wani ɗan sana'ar ya karanta labarin sau ɗaya, ya gaya masa ko ya yi, tun yana iya ganin fuskar mai faɗar.

Ta intanet ake aika jimlar, shi kuwa ba shi da kwamfuta. Abin da ya kawo shi ke nan.

"Yaya da kansa," in ji Jan Biro. "Ku matsa wa marubuci. Yaya, an gaji da jiniya an koma biro?"

"Malam, ba gyara na zo ba. A buga mini a aika. In akwai kuskuren harafi a daidaita, shi ke nan."

Ya ciro takarda daga aljihu. Jan Biro ya karɓa da yatsa biyu, ya gyara murya, ya karanta wa benci.

"'Direban motar asibiti ya ɗauko gawar wani dattijo tare da 'ya'yansa mata biyu da suka shekara goma ba sa magana, kowace tana son a binne shi a garinta, kuma kafin mararraba dole su gaya masa inda zai juya.'"

Ba wanda ya yi dariya. Wata malamar makaranta da ke ƙarshen benci ta ce, "To ina ya juya?" Jan Biro bai ko kalle ta ba.

"Yaya, gawa ba ta sauri. Ina gaggawa a nan?"

"Mararraba tana matsowa. Mota tafiya take."

"Sai ka taka birki mana. Wa zai mutu?"

"Ai an riga an mutu."

"Kun ji ko? An riga an mutu. Fim ya ƙare kafin a tayar da mota. Mata biyu suna kumburi a baya, tsoho a kwance, direba yana kallon madubi. Wa zai bar gidansa ya zo kallon wannan? Me za a rasa?"

"Su biyun. In na juya hagu, ta dama ba za ta sake taka gidan 'yar'uwarta ba."

"Shekara goma ba ta taka ba, me ya ragu a duniya?"

"Baban yara," in ji matar Jan Biro.

"Taimakonsa nake yi."

Direba ya miƙa hannu ya karɓe takardarsa. "Malam, ni na ɗauko su. Ba waɗannan ba, amma irinsu, sun fi a ƙirga." Ya juya wajen ƙanwarsa. "Auta, ke ki buga mini. Yadda na rubuta."

Ta buga, ta karanta masa sau biyu, ya ce haka ne, ya yi sallama. Ranar shafin gasar ya ƙi buɗewa saboda cunkoso, sai ta ajiye jimlar tare da sauran masu jiran a aika. Ƙarfe biyu ta tafi ɗauko yara. Ƙarfe biyu da rabi Jan Biro ya koma teburinta.

Da na tambaye shi daga baya bai ɓoye ba. "Yayan matata ne. In bar shi ya je gaban alƙalai tsirara?" Ga abin da ya aika da sunan Direba:

"Wani direban motar asibiti ya gano jakar zinare a ƙarƙashin gawar da ya ɗauko, kuma kwana uku kacal gare shi ya gano wadda ta ɓoye ta cikin 'ya'yan mamacin biyu, kafin 'yan fashi su hallaka shi."

A makon nan jimla ashirin da uku suka fita daga shagon. Goma sha tara daga ciki sun bi ta hannunsa.

Sakatariyar alƙalan gasar wata mata ce da ta shekara ashirin tana haɗa hotunan fim. Ita ta fara karanta abin da aka aiko, jimla ɗari uku da goma sha biyu. Ta ce mini da ta ga ta uku mai salo iri ɗaya ta ɗauka dace ne, a ta biyar ta yi dariya, a ta goma sha ɗaya ta daina dariya ta je ta duba inda ake aikowa. Adireshi ɗaya ne. Duk goma sha taran suna da "kwana uku kacal". Takwas suna da zinare: a ƙarƙashin gado, a rijiya, a tankin ruwa, a cikin akwatin rediyo. Goma sha biyu suna da 'yan fashi. Akwai wata tsohuwa mai son koyon karatu don ta karanta wasiƙun ɗanta, ita ma kwana uku kacal aka ba ta.

Wasu alƙalan suka ce a zubar da su duka. A ƙarshe aka tsaya a kan a rubuta wa mutum goma sha taran: su zo bayan mako biyu da labaransu, kowa ya nuna cewa abin da ke jimlarsa yana cikin labarin. Wanda ya nuna, a mayar da shi cikin gasa. Wanda ya kasa, ya fita.

Rubutun wasiƙar ƙanana ne, Direba bai iya karantawa ba, sai ya kawo ta shago. Auta ta fara karanta masa, ta iso inda aka kwafo jimlar, ta tsaya.

"Ci gaba mana."

"Yaya, ba taka ba ce."

"Karanta."

Ta karanta. Ya ce ta maimaita, ta maimaita. Ya daɗe yana kallon wajen taga, inda haske ya fi yawa.

"Kwana uku," ya ce. "Malam, kwana uku da gawa a mota?"

"Fim ne, Yaya," in ji Jan Biro.

"Ka taɓa shiga motar da gawa ta yi awa takwas a ciki? Da rana, gilashi a rufe?"

"Mai kallo ba ya jin wari."

"Su waye 'yan fashin?"

"Sai ka samo su, aikin marubuci ke nan. Ka ma gode an kira ka. Mutum ɗari uku suka aika, nawa aka rubuta wa wasiƙa? Da taka ce ta je da tuni tana kwandon shara. Mako biyu ya ishe ka. Wuri uku kawai za ka taɓa. Ka sa jaka a farko, ka tuna da ita a tsakiya, a harbi wani a ƙarshe."

Auta ta kashe kwamfuta ta rufe ta da zane, ko ƙarfe sha ɗaya ba ta yi ba. "Na buga, na karanta masa sau biyu, ya ce haka ne. Ka jira na fita."

"Ke bugu kika sani," in ji mijinta. "Ki tsaya a bugu."

Ta ɗauki jakarta, ta riƙe hannun yayanta, suka sauka.

Direba ya gwada. Wannan ƙanwarsa ce ta gaya mini, shi bai so a sani ba. Ya sayi littafi na takwas, ya yi kwana huɗu a kansa. Abu na farko da ya tsayar da shi motar ce. Ya san ta ciki da waje. Gadon marar lafiya a kan dogo yake gudu, ƙarƙashinsa ƙarfe ne, tsakaninsu ko tafin hannu ba ya shiga. Akwatin bandeji ne a gefe da mazaunin tukunyar iska, kuma duk safiya shi ke share su. Bai ga inda jaka za ta ɓuya ba. Abu na biyu matan ne. Babbar ita ta yi jinyar uban shekara shida, ita ke masa wanka. Ƙaramar ita ce uban ya kora a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba, ya mutu bai kira ta ba. Ya ce ya ɗora wa babbar zinaren ya ji kamar ya yi mata ƙazafi, ya ɗora wa ƙaramar ya kasa cin abinci. Na ga littafi na takwas. Shafi ɗaya da rabi ne, an soke su da layi daga sama har ƙasa.

Sauran kuwa shagon suka tare. Mako biyu benci bai huce ba. Jan Biro yana tsaye yana zagaye, yana faɗa suna rubutawa: a nan za a ji ƙarar bindiga, a nan a buɗe rijiya. Ko a lokacin bai karanta labarin kowa ba. Cewa yake yi a buɗe masa tsakiya, ya sa yatsa, ya ce a sa a nan.

An yi zaman ranar Asabar da hantsi, a wani ajin kwaleji da aka ara. Mutum goma sha biyu suka zo, bakwai ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Jan Biro ba ya cikin waɗanda aka gayyata, amma ya zo da riga mai guga, ya jingina a baranda yana ba kowa umarni kafin ya shiga. Na tambaye shi ko ya san alƙalan.

"Waɗannan? Ɗaya tallan sabulu yake yi. Shugaban kuwa, fim ɗinsa na ƙarshe ko matarsa ba ta gama kallo ba."

An bar ni na zauna a bayan aji. Direba shi ne na takwas. Auta ta raka shi har bakin ƙofa, ya shiga shi kaɗai da littattafan a leda, ya lalubi kujera ya zauna. Shugaban alƙalai, wani darakta mai furfura, ya karanta jimlar zinaren.

"Baba, wannan jimlar taka ce?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Akwai zinare a labarin?"

"Babu."

"'Yan fashi fa?"

"Babu. Shingen 'yan sanda ne guda ɗaya, su ma da suka ga gawa suka ce mu wuce."

Alƙali na uku ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

"To me ya kawo ka, Baba?"

"An ce in zo. Kuma ina da tawa, in za a ji."

Bai jira izini ba. Ya faɗe ta da ka, a hankali, bai tsallake kalma ba. Sakatariya ta daina rubutu. Alƙali na uku ya tambaye shi tafiyar awa nawa ce, ya ce bakwai, mararraba tana kan awa ta biyar. Suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Sannan shugaban ya jawo takardar sharuɗɗa.

"Baba, abin da ya iso mana kafin ranar rufewa, shi muke hukunci a kai. In muka karɓi sabuwa daga wurinka, mutum ɗari uku za su ce su ma."

"Ba sabuwa ba ce. Ta riga waccan."

"Mun yarda. Amma ba ita ta zo ba."

Direba ya tura ledar gaba kaɗan a kan tebur. "To ko ɗayanku ya duba. Ba don gasa ba."

Shugaban ya kalli ledar, ya kalli agogonsa. "Rubutun hannu ne?"

"Na hannu ne."

"A buga tukuna, Baba. Allah ya ƙara lafiya."

Akwai mutum huɗu suna jira a waje. Zaman nasa minti shida ya ɗauka.

A baranda Jan Biro ya tare shi. "Yaya, me ka ce musu?"

"Abin da suka tambaya."

"Ka ga irinta. Na kawo ka har bakin ƙofa, ka zauna a dakali. Wa aka taɓa ba zinare ya ce ba ya so?"

Direba ya gyara riƙon ledar. "Malam, shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar mutane, wasu a sume, wasu sun cika, da agogo a hannu da zobe a yatsa. Ban taɓa cire wa kowa komai ba. Ban kuma taɓa sa wa kowa abin da ba nasa ba."

"Wa'azi kuma. Shi ya sa ba ku ci gaba."

"Yaya, akwai matakala," in ji Auta. "Uku ne."

Cikin goma sha biyun an mayar da biyar gasa. Biyu daga cikinsu, wani tela da wani mai kantin magani, sun shiga cikin goman da aka zaɓa, da zinarensu da 'yan fashinsu. An karanta labaransu daga farko har ƙarshe, sun zauna da darakta, an ɗauke su hoto. Ba a yi fim ɗin ko ɗaya ba.

Bayan an gama na koma wurin Sakatariya na tambaye ta jimlar Direba. Ta maimaita mini ita kusan kalma da kalma. Ta ce da ita ce ta zo, da sai an yi faɗa da ita kafin a cire ta daga goman. Na ce to ko za ta karanta labarin. Ta ce a turo mata in an buga. Auta ta buga littafi na farko a ofishin wata ƙawarta, shafi ashirin da shida, ta aika. Wata huɗu ba amsa. Ta sake aikawa, ta buga waya sau biyu, aka ce ana wurin aiki za a kira. Ba a kira ba. Tallafin ƙungiyar ya ƙare, ba a sake yin gasar ba.

Wata tara bayan zaman idon Direba ya rufe. Yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Har ya rufe babu ɗan fim ko ɗaya da ya karanta shafi guda na labarin. Littattafan suna wurin Auta, a saman kabad. Ita ba ta sake hawa matakalar shagon ba, ta samu aikin rubuta sunayen marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti. Suna gida ɗaya da mijinta, ana gaisawa, ana cin abinci, maganar fim ba ta shiga tsakaninsu. Shi ke bugu yanzu, da yatsa biyu, yana zagin kwamfuta.

Aiki bai ragu masa ba, ƙaruwa ma ya yi. Ya buɗe aji duk Asabar, ya ture tebura gefe ya jera kujerun roba. A takardar tallan ajin an rubuta cewa ɗalibansa biyu sun shiga cikin goma na farko a gasar mutum ɗari uku. Sauran goma sha bakwai ba su samu shiga takardar ba.

Na halarci darasin mako na uku. Kan darasin taurin kai. Ya zauna a gefen tebur yana kaɗa ƙafa.

"Akwai wani tsoho, ba zan faɗi sunansa ba, don akwai zumunci. Ya kawo mini labari babu komai a ciki, mota ce kawai ke tafiya. Na zauna na gyara masa. Saboda gyaran nan alƙalai suka rubuta masa wasiƙa, suka kira shi gabansu. Ya je ya ce shi bai yarda ba, tasa yake so. Yau ina yake? Yana zaune a ƙofar gida."

Wata ɗaliba daga baya ta ɗaga hannu ta ce ko za a iya jin jimlar tsohon ta asali. Ya ce bai ajiye ba, ba ya tara shara.

"Ku rubuta wannan," ya ce. "Marubuci shi ne mutum na ƙarshe da ke sanin abin da labarinsa ke buƙata."

Na ƙirga. Mutum goma sha takwas suka sunkuya suka rubuta.